Me ya sa ake horar da ma'aikatan laburare binciken fasahar AI?

Tun bayan da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da manhajar ChatGPT a watan Nuwamban 2022, ma'aikatan ɗakunan karatu na jami'o'i suka fara fuskantar wata sabuwar matsala.

Ɗalibi kan zo da sunan littafi ko maƙala, haɗe da sunan marubuci da shekarar bugawa, amma a duba ko'ina a tarar babu wannan aiki a duniya.

Dalili kuwa shi ne irin waɗannan manhajoji na ƙirƙirarriyar basira, wato AI, suna hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya ne, bisa ɗimbin rubuce-rubucen da aka horar da su a kai. Tantance gaskiya ba ya cikin asalin aikinsu.

Matsalar ba ta tsaya kan ɗalibai ba. A 2023 wata kotu a birnin New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000, saboda sun kafa hujja da shari'o'in bogi da ChatGPT ta ƙaga musu.

Haka kuma a watan Mayun 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta wallafa jerin littattafai 15 da ta shawarci jama'a su karanta, alhali 10 daga cikinsu ba a taɓa rubuta su ba.

Giɓin da ake son cikewa

Ganin cewa ma'aikatan laburare ne suka saba koya wa ɗalibai bambance ingantaccen bayani da na jabu, sai jami'o'i suka ɗora musu wannan sabon nauyi.

Sai dai wani bincike da Leo Lo, wanda a lokacin yake Jami'ar New Mexico, ya wallafa a 2024, bayan jin ta bakin ɗaruruwan ma'aikatan laburaren jami'o'in Amurka, ya nuna cewa sanin da yawancinsu suka yi wa fasahar bai yi zurfi ba.

Bugu da ƙari, horon da akasarinsu suka samu ya fi karkata ne ga tsara littattafai da hidimar masu karatu, ba gudanar da bincike ba.

A nan ne tsarin raino ke shigowa, inda ake haɗa sabon mai bincike da gogagge na tsawon watanni.

Babban zai taimaka wa ƙaramin ya taƙaita tambayarsa, ya zaɓi hanyar tattara bayanai, ya nemi izinin kwamitin ɗa'a na jami'a, sannan ya bi aikin har ya kai ga bugawa.

Tambayoyin ɗa'a

Batutuwan da ake bincika sun haɗa da sirrin mai karatu, domin laburare ya daɗe da al'adar ɓoye abin da mutum ya karanta, alhali kamfanoni kan adana tambayoyin da aka yi wa manhajojinsu.

Akwai kuma haƙƙin mallakar marubutan da aka kwashi ayyukansu, da son kai da ke cikin bayanan da aka horar da manhajojin.

Ƙasashe 193 na hukumar UNESCO sun amince da wasu ƙa'idoji kan ɗa'ar AI a watan Nuwamban 2021, amma ƙa'idojin ba su fayyace abin da ma'aikaci zai gaya wa ɗalibin da ke tsaye gabansa ba. Bincike ne zai samar da wannan amsa.

A Najeriya ma batun na da muhimmanci, kasancewar ana lissafa ƙwararrun ma'aikatan laburaren jami'o'i cikin malamai, kuma ƙarin girmansu ya danganta da abin da suka wallafa.

Sannan rubutun Hausa da ke intanet kaɗan ne idan aka kwatanta da na Ingilishi, kuma yawancin tsofaffin takardun ajami da ke wurare irin su Gidan Arewa a Kaduna ba su shiga cikin abin da manhajojin suka koya ba.

Auna yawan kurakuran da suke yi kan tarihi da adabin wannan yanki aiki ne da ke jiran ma'aikatan da ke riƙe da takardun na asali.