Kuɗin Fiton Maganin Sauro Da Tarkon Ɓera

Da damina ta kankama a birnin Zazzau, kududdufan da aka haƙa ƙasar gini a cikinsu suka cika suka batse, sai sauro ya mamaye unguwanni tun daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan. Sa'an nan ne magidanta ke nufar kasuwa neman abin kariya. Amma kaɗan ne suka san cewa kafin kayan nan su iso hannun ɗan tireda, sai da aka yi musu hukunci a tashar jiragen ruwa ta Apapa, cikin wani littafi na ma'aikatan kwastan.

Littafin nan jeri ne na dukan hajar duniya, kowace da lambarta. Hukumar Kwastan ta Duniya da ke Brussels ita ke riƙe da shi, an kuwa fara aiki da shi a 1988. Lambobi shida na farko ɗaya ne a ƙasashen da suka shiga tsarin, sa'an nan kowace ta ƙara nata a baya. Tun 2015 ƙasashen ECOWAS suka ɗauki ma'auni guda mai hawa biyar: kyauta, ko 5, ko 10, ko 20, ko 35 cikin ɗari na darajar kaya. Watau lamba ita ke nuna hawan, hawan kuma shi ke nuna abin da attajiri zai biya, wanda a ƙarshe daga aljihun mai saye zai fito.

Abin mamaki, kayan da ke zube kan tebur guda a kasuwa, a littafin ba gida ɗaya suke ba. Duk abin da ke kashewa da dafi, maganin feshi ne, ko na ɓera, ko wanda ake kunnawa ya yi hayaƙi, yana ƙarƙashin lamba 3808. Tarko kuwa ba a duba aikinsa, sai abin da aka ƙera shi da shi: na ƙarfe ya bi ƙarfe a babi na 73, na katako ya tafi babi na 44, na roba babi na 39, alhali ɓeran da za su kama ɗaya ne.

Gidan sauro mai magani shi ne ya fi ba da wahala. Shin yadi ne, ko magani? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin yadi na cikin kayan da akan tsananta wa kuɗin fito saboda kare masaƙun gida. A watan Afrilu na 2000 shugabannin Afirka sun taru a Abuja, suka yi alkawarin rage ko yafe haraji a kan gidan sauro da magungunansa. To, amma yafewa ba ta da sauƙi muddin hajar ba ta da lamba tata ta kanta. Sai a gyaran 2017 aka keɓe masa 6304.20, tare da ambaton magungunan da ake jiƙa shi da su.

Maganin hayaƙi kuwa nasa labarin dabam ne. Gwamnatin Nijeriya ta sa shi shekaru da dama cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su, don masana'antun gida su sami kasuwa. Lalle niyyar kyakkyawa ce, sai dai hani irin wannan shi ne abincin 'yan fasa-ƙwauri, hajar da ta bi ta daji kuwa ba mai auna dafinta. Lambar kwastan kuma ba ta wadatar ba: sai NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta yi wa magani rajista. Ita ce a 2019 ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin gona mai dichlorvos a kasuwanni, irin wanda ake tsiyayawa a sayar da sunan fiya-fiya, ana yayyafa shi cikin ɗakin da yara ke kwana.