Baƙuwar Cuta a Shagon Dabbobi

Ranar 15 ga Janairun 2022, gwaji ya tabbatar wa likitocin Hong Kong cewa wata budurwa mai shekara 23 ta kamu da korona. Kwana huɗu ke nan tana fama da tari da ciwon maƙogwaro. A lokacin da duniya ke ƙirga masu cutar da miliyoyi, mutum guda ba abin tayar da hankali ba ne. Abin da ya ɗaure wa masu bincike kai shi ne irin ƙwayar da aka samu a jikinta. Delta ce.

Hong Kong ta toshe ƙofofinta a wancan lokaci. Wanda ya sauka daga yawancin ƙasashe sai ya yi kwana 21 a killace a otal kafin ya shiga gari. Omicron ta samu ta sulale ciki a ƙarshen Disamba, hukuma kuma tana bin sawunta. Delta kuwa, tun watan Oktoban 2021 ba a sake ganin ta tana yawo tsakanin mutanen gari ba. Budurwar ba ta yi tafiya ba, ba a gano ta haɗu da wani mai cutar ba, ta ma yi allurar riga-kafi sau biyu. To ta wace kafa cutar ta same ta?

Kwana biyu bayan haka aka samu haske na farko. Wata dattijuwa mai shekara 67 ta kamu, ita ma Delta, daga baya mijinta ya bi sahu. Da aka bi diddigin inda ta shiga da inda ta fita, sai aka tarar ranar 8 ga wata ta raka ɗiyarta wani shago mai suna Little Boss a unguwar Causeway Bay, inda ake sayar da ƙananan dabbobin ajiyewa a gida. A wannan shago budurwar take aiki.

Kowa zai ce ai magana ta ƙare: mai shago ta shafa wa mai saye. Masu binciken Jami'ar Hong Kong, cikinsu har da Yen Hui-ling da Leo Poon, ba su tsaya nan ba, suka karanta ƙwayar cutar ta kowace mace daga farko har ƙarshe. Ƙwayar korona tana hayayyafa ne ta hanyar kwafar kanta, kamar wasiƙar da ake kwafa daga hannu zuwa hannu: jefi-jefi wani ya canza harafi, duk wanda ya kwafa daga gare shi kuma ya gaji canjin. Wanda ya kamu daga wani kai tsaye, tasa kusan daidai take da ta wanda ya ba shi. Ta matan nan biyu dangi ne na kusa, amma sun saɓa a wurare da yawan da bai dace a ce ɗaya ta ba ɗaya cikin ƴan kwanaki ba. Wato akwai wata rijiya da su biyun suka sha, kowace da guganta. Banda ma'aikata da masu saye, masu numfashi a shagon nan su ne na cikin keji, cikinsu har da hamsta.

Hamsta dangin kusu ne, guntun jela gare shi, da jaka a kumatu biyu inda yake cusa hatsi ya kai rami. Gafiyarmu ma tana da irin wannan jaka. Wanda aka fi sani shi ne na Siriya, mai launin zinariya, wanda nauyinsa kan kai giram 100 zuwa 150. Kusan duk na gidajen duniya jikokin wata uwa ce da ƴaƴanta da masanin dabbobi Israel Aharoni ya tono kusa da Halab a 1930. Sai kuma ƙanana, ƴan hamadar Mongoliya da arewacin Sin da kudancin Saiberiya, iri uku: Campbell, da Jungariya mai yin fari da hunturu, da autansu Roborovski wanda bai cika wuce giram 25 ba. A ido duk hamsta ne. A jini da hali kuwa, tazara ce mai nisa tsakaninsu, kuma wannan tazara za ta yi aiki a gaba.

Ma'aikatan hukumar noma da kamun kifi da kare dabbobi ta Hong Kong suka shiga shagon, suka kuma je ma'ajiyar kamfanin da ke Tai Po, suka ɗebi majina da jinin dabbobin. Cikin hamsta 16 na Siriya da aka gwada ɗaya bayan ɗaya a shagon, 8 suna da alamar cutar. A ma'ajiya, 7 cikin 12.

Duk da haka akwai tambayar da mai hankali zai yi, kuma an yi ta. Tun 2020 an san mutane suna shafa wa kyanwa da kare korona, su kuma ba su cika mayar wa mutum ba. Me zai hana a ce budurwar ce ta yi tari a kan kejin? Nan ne binciken ya fi burge ni, domin amsar ba daga hujja guda ta fito ba. Dabbobi daga ma'ajiya suke tafiya shago, amma ga cutar can a ma'ajiya, sama da inda budurwar take. Wasu daga cikin hamstan kuma jininsu ya riga ya haɗa garkuwa, alamar sun jima da kamuwa har sun fara warkewa. Sannan ƙwayoyin da aka karanta a jikinsu sun rarrabu da juna, abin da ba ya faruwa sai cuta ta daɗe tana zagaye cikin garke. Da aka ƙirga canje-canjen aka yi lissafi baya, sai ya nuna kakarsu ta shiga hamsta wajen 14 ga Oktoban 2021. A lokacin dabbobin ba su ma iso Hong Kong ba. Daga Holan aka yi jigilarsu ta jirgin sama, kashi biyu, ranar 22 ga Disamba da 7 ga Janairu. Reshen Delta ɗin da aka samu, AY.127, a Turai yake yawo, ba a taɓa ganin sa cikin garin ba kafin nan.

Saura ƙulli ɗaya. Jami'ar Hong Kong ta riga ta nuna tun 2020 cewa hamstan Siriya yana ɗaukar korona da sauƙi, yana ba ɗan'uwansa ta taɓawa da ta iska, amma kwanaki kaɗan yake yi yana yaɗawa. Ta yaya cutar kwanaki ta rayu wata uku? Sai an dubi yadda ake kasuwancinsu. A daji hamstan Siriya ɗan kaɗaici ne, kowa da raminsa. In ya balaga aka haɗa shi da wani, faɗa ne har jini, wani lokaci har mutuwa. Don haka masu kiwo suke tara su tun suna ƙanana, kafin halin ya fito, a cunkusa su a akwati a yi jigila. Wanda ya warke ya riga ya ba na kusa da shi, na kusa ya ba sabon da aka kawo. Matafiyin da ya sauka a filin jirgi yana otal yana ƙirga kwana 21, akwatin hamsta kuwa ya wuce ma'ajiya.

Hukuma ba ta jira ƙarshen wannan lissafi ba. Ranar 18 ga Janairu, bayan gwajin farko ya nuna cutar a hamsta 11, aka yi shelar kashe dabbobi kusan 2,000: duk na shagon da ma'ajiyar, har da zomaye da ɓerayen Masar, da kuma hamstan sauran shagunan gari. Aka dakatar da shigo da su. Aka roƙi duk wanda ya sayi hamsta daga 22 ga Disamba ya miƙa shi. Abin da ya faru a Denmak a Nuwamban 2020, inda aka hallaka miliyoyin wata dabbar kiwo mai suna mink saboda korona, yana cikin zukatan jami'ai.

Gari ya ɗauki zafi. Dubban mutane suka sa hannu a takardar koke. Aka buɗe zauruka a Facebook da Telegram na masu cewa a kawo musu su riƙe. Wasu suka tsaya a ƙofar cibiyar hukumar da ke Sha Tin suna tare masu zuwa miƙawa, suna roƙon a ba su. Wasu masu dabbobin kuma tsoro ya sa suka yar da nasu, har waɗanda suka shekara a gida ba su taɓa ganin akwatin Holan ba.

Da sakamako ya kammala, ga abin da ya nuna game da sauran: zomaye 246, ɓerayen Masar 66, chinchilla 116, ƙananan hamsta 75, babu ko ɗaya da aka tabbatar yana da cutar. Kada a ɗauka ƙananan ba sa kamuwa. Masu bincike a Berlin sun nuna a 2020 cewa duka iri ukun suna ɗauka, Roborovski ma cikin kwanaki kaɗan take kayar da shi. A ganina abin da ya tsare su shi ne ba a keji ɗaya suke da na Siriya ba, ba a kuma haɗa iri da iri. Sun mutu ne saboda sunan da suka yi tarayya da masu cutar.

Wannan ya yi mini ciwo, amma ba zan ce masu ceto sun yi daidai ɗari bisa ɗari ba. Cikin hamstan da masu su suka miƙa, an samu wanda yake ɗauke da cutar. Wanda ya karɓi irinsa a bakin titi ya kai ɗaki, ya sa shi kusa da nasa, yara suna sumbatarsa, ya ɗauko wa gidansa abin da ake gudu. Tausayi ya sa a karɓa, amma bayan karɓa akwai aiki. Masu riƙon irin waɗannan dabbobi da gaske sukan ware sabon zuwa mako biyu ko fiye, a ɗaki dabam, da kwanonsa dabam, a wanke hannu kafin a taɓa wani.

Mu nan Gidan Rumji ba a sayar da hamsta, ba kuma na fatan a fara. Dabbar da jikinta ya saba da sanyin Mongoliya, wadda ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24, zafin Afrilu na jihar Maraɗi da ke haura 40 azaba ce gare ta. Amma muna da zomo da ɓeran Masar da tattabaru da zabi, kuma mun san mutumin da zai sayo kaza ranar kasuwa ya jefa ta akurki da magariba, bayan mako guda a wayi gari ana kwasar matattu. Mun kuma tuna Fabrairun 2006, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye a Magariya, jim kaɗan bayan ɓullarta a wata gona kusa da Kaduna, aka bi kaji da kisa. Duk inda aka yi shelar kisa ba tare da bambancewa ba, mai dabba yana da dalilin ɓoyewa ko ya ruga da ita kasuwa, cutar ta ƙara nisa. Ko gafiya ta taɓa shiga irin wannan labari: a 2003 aka kai ƙananan dabbobi kusan 800, cikinsu har da gafiya, daga Gana zuwa Amurka, aka ajiye wasu kusa da wani irin kuregen can a wurin dillali, ƙyandar biri ta tsallaka, mutum 47 suka kamu a jihohi shida.

Ɗan'uwanmu da ke zaune Turai ko wata ƙasa mai sanyi, wanda wata rana za a miƙo masa ƙaramin hamsta da aka yar, ya fara da sanin irinsa. Campbell da Roborovski sukan zauna biyu-biyu in jinsi ɗaya ne kuma tare suka tashi, da sharaɗin fili ya wadata, kwanon abinci biyu, ruwa biyu, maɓoya fiye da ɗaya. Ko da haka zaman yakan lalace dare ɗaya. Ranar da aka ga jini, a raba su, kada a sake gwadawa. Baƙo da baƙo ba a haɗa su, iri da iri ma haka. Macen da aka tsinta a ɗauka tana da ciki har sai mako uku ya wuce, domin cikin nasu kwana 18 zuwa 21 ne, kuma tana iya ɗaukar wani ranar da ta haihu. Namijin Campbell yana da wani hali da ba a cika gani a dangin kusu ba: masu bincike a Kanada sun gan shi yana taya mace haihuwa, yana jawo jariri yana share masa hanci.

Cizon da ake zarginsu da shi yawanci tsoro ne. Idonsu ba ya gani sosai, da rana barci suke, hannun da ya sauko daga sama kuwa shaho ne a wurinsu. A bari ya farka, a shimfiɗa tafin hannu ya hau da kansa. Campbell da ruwa-biyun da ake samu tsakaninsa da Jungariya suna da saurin kamuwa da ciwon suga, don haka dabino da rake da duk wani zaƙi ba nasu ba ne. In aka ga yana yawan shan ruwa da fitsari yana ramewa, a nemi likitan dabbobi. Da rairayi suke wanka, ba da ruwa ba. Duk kulawar da aka yi, shekara biyu ce, in ta yi tsawo uku.

A Hong Kong, reshen Delta na shagon ya bi wasu mutane kafin a datse shi. Omicron ce ta mamaye garin a watannin da suka biyo, ta kashe fiye da mutum 9,000. Mujallar Lancet ta buga cikakken binciken a Maris 2022, shaida ta farko cewa hamsta na iya shafa wa mutum korona. Sai a Janairun 2023 aka sake buɗe ƙofar shigo da su, da sharaɗin a gwada su tukuna, wanda aka samu lafiya shi ne zai kai shago.