Kakar Turai: jan ganye da ɗiyan itatuwa

Yara, a littattafanku na faransanci kun sha gamuwa da kalmar automne. Mu mukan fassara ta da kaka, domin lokacin ne manoman Turai suke tsinkar inabi da tufa, kamar yadda muke yankan hatsi. Amma kakarsu ba irin tamu ba ce. A Faransa takan fara ranar 22 ko 23 ga Satumba, ta ƙare wajen 21 ga Disamba. Bayanta sai sanyi mai tsanani, wanda a wurare da yawa har ruwa yake daskarewa.

Mutane da yawa a can suna da ƴar garka kusa da gida. Ban da furanni da kayan miya, sukan dasa gajerun itatuwa masu rassa tun daga gindi, kamar sabara a wurinmu. Wasu ana jera su don su zama shinge. Idan kaka ta yi, ganyen waɗannan itatuwa ya kan koma ja ko ruwan ɗorowa, rassansu kuma su cika da ƙananan ɗiya masu kama da duwatsun wuya. Mai gida yana jin daɗin kallo. Icce kuwa ba ado yake yi ba, shirin sanyi yake yi.

Me ya sa ganye yake sake launi?

A cikin kowane ganye akwai wani abu tsanwa da ake kira kolorofil. Da shi ne ganye yake kama hasken rana, ya haɗa ruwa da iska, ya yi sukarin da icce yake rayuwa da shi. A birnin Paris, rana takan yi wajen awa 16 tana haske a watan Yuni, amma a Disamba wajen awa 8 kawai. Da yini ya fara gajarta, sai icce ya daina yin kolorofil. Ya kan janye abubuwa masu amfani daga ganye, ya ajiye su cikin rassa da saiwa, kamar yadda manomi yake zuba hatsi a rumbu.

Da tsanwa ta gushe, sai ruwan ɗorowa ya bayyana. Dama yana cikin ganyen tun farko, tsanwa ce ta rufe shi. Ja kuwa sabo ne. Icce yana yin shi da sukarin da ya rage a ganye, musamman idan ana rana da yini, ana sanyi da dare. Daga baya gindin ganyen ya toshe, iska ta kaɗo shi.

Don me icce zai zubar da ganyensa? Domin ta ganye ne ruwa yake fita daga jikinsa. Idan ƙasa ta daskare, saiwa ba ta iya shan ruwa. Icce marar ganye ya fi jure ƙishirwa. Kuka ma haka take yi a wurinmu da rani. Can sanyi ne yake hana ruwa, nan fari ne, amma dabarar ɗaya ce.

Ɗiyan icce da tsuntsaye

Icce ba ya tafiya, amma irinsa yana bukatar sabon wuri. Shi ya sa yake naɗe ƙwararsa cikin nama mai launi, wanda tsuntsu zai hango daga nesa. Tsuntsu ya haɗiye ɗan, naman ya narke a cikinsa, ƙwarar ta fita da kashi a wani wuri, ta tsira. Tsuntsu ya sami abinci, icce ya sami mai shuka.

Ga huɗu daga cikin itatuwan, da sunayensu na faransanci.

Sureau yana da baƙaƙen ɗiya a dunƙule. Idan an dafa su ana yin abin shafa wa burodi, amma ɗanyu suna ɓata ciki.

Églantier yana da ƙaya da jajayen ɗiya masu yawan bitamin C.

Fusain ganyensa yana yin ja wur. Da gawayin iccensa masu zane suke aiki, amma ɗiyansa dafi ne.

Houx shi ba ya zubar da ganye, yana nan tsanwa har cikin sanyi. Yana da namiji da mace kamar dabino, mace ce kaɗai take yin ɗiya. Jajayen ɗiyansa suna sa mutum amai da zawo.

Wasu tsuntsayen suna zama a can, suna cin ɗiyan da suka rage har sanyi ya wuce. Wasu kuwa matafiya ne. Akwai ƙananan tsuntsaye da ake kira fauvettes, nauyin ɗaya wajen giram 20 ne ko ƙasa da haka. Tun ƙarshen Agusta suke cika ciki da ɗiyan sureau har su yi kitse. Wannan kitsen shi ne guzurinsu. Da shi suke ƙetare teku da hamadar Sahara. Wasunsu a nan ƙasashenmu na Sahel suke zama har sanyin Turai ya wuce. Ashe ƙaramin tsuntsun da kuka gani a ƙaya da hunturu, mai yiwuwa daga wata garkar Faransa ya fito.

A yi hattara

Cikin tsuntsu daban, cikin mutum daban. Abin da tsuntsu ya ci ya ƙoshi, yana iya kwantar da yaro. Shi ya sa iyaye a Turai suke hana ƴaƴansu tsinkar ɗiyan shinge. Mu ma muna da irin wannan haɗari. Magarya da kanya abinci ne, amma ƙwarar cini-da-zugu da ta zurma dafi ne, ko da yake a bakin gidaje da gonaki suke fitowa. Kada ku ci ɗan iccen da ba ku sani ba, kome kyansa. Idan ƙanenku ya ci, ku gaya wa babba nan take, a kai shi likita, a tafi da reshen iccen don a gane shi.

Tambayoyi

1. A wane wata kaka take farawa a Faransa?
2. Me ya sa kuka take zubar da ganye da rani?
3. Wane amfani tsuntsu yake yi wa icce?
4. Me za ku yi idan yaro ya ci ɗan icce mai dafi?

Aiki

Ku tambayi iyayenku sunayen itatuwa biyar na garinku. Ku rubuta waɗanda ake cin ɗiyansu a gefe ɗaya, waɗanda ba a ci a ɗaya gefen.