"Ai Kowa Na Sha": Abubuwan Mamaki Kan Matasa da Giya

"Ai kowa na sha." Da wannan magana matashi kan kare kansa, kuma galibi ba gaskiya ba ce. A 1986, Wesley Perkins da Alan Berkowitz sun binciki ɗaliban wata kwaleji a jihar New York, suka tarar yawancinsu na zaton abokansu sun fi su son giya. A 1993 an sake ganin haka a Jami'ar Princeton: ɗalibi na jin ƙyamar yawan shan a ransa, amma ya yi gum, don yana ganin shi kaɗai ne baƙauye. Ashe na kusa da shi ma haka yake ji. Wannan ya fi komai ba ni tausayi, yaro ya kurɓi abin da ba ya so don ya burge wanda shi ma ba ya so.

Wata rawar kan ma ba daga kwalba take fitowa ba. A Jami'ar Washington, Alan Marlatt ya gina mashaya ta gwaji, inda akan ba ɗalibai abin sha marar barasa a ce musu giya ce. Kafin a jima sai surutu da shewa su kaure.

A Faransa, sai a 1956 aka hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 giyar inabi a ɗakin cin abinci na makaranta. A Jamus ɗan shekara 16 na iya sayen giya, a Amurka sai ya kai 21. Japan kuwa a 2022 hukumar harajinta ce ta shirya gasar neman dabarun jawo matasa su ƙara sha, saboda kuɗin shiga ya ragu. Abin kunya ne.

Iceland ce ta fi burge ni. A 1998, kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 16 sun ce sun bugu a watan da ya gabata. A 2016 saura kashi 5. Ba da wa'azi kaɗai aka kai nan ba: an hana yara yawon dare, an zuba kuɗi a wasanni da kiɗa, an sa iyaye su riƙa zama da 'ya'yansu.

A Najeriya, hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta sanar da hana giyar leda a 2024, saboda arha ce, kuma ɗan makaranta na iya ɓoye ta a aljihu.