Kafin Mu Dangwala Yatsa: Sharaɗin da Ke Rufe Ƙofar Kotu

'Yan'uwa, daga ƙarshen rani zuwa faɗuwar damina, wakilan kamfanoni sukan shigo Tudun Wada da ƙauyukan kewayen Zariya da takardu a hannu. Wani yana ba da taki da iri bashi, a biya da kaka. Wani yana ba da babur, ko fitilar sola, ko wayar hannu, a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Bankunan ƙananan rance kuma suna neman ƙungiyoyin mata. Yawancinmu abu biyu muke tambaya: nawa za a ba ni, nawa zan biya? Akwai tambaya ta uku da muke mantawa: idan rigima ta taso tsakanina da kamfani, wa zai raba mu?

Mene ne wannan sharaɗi?

A ƙarshen takardu da yawa akwai 'yan layuka da ƙananan haruffa, ƙarƙashin kalmar Turanci "Arbitration". Ma'anarsu ita ce, in an sami saɓani, ba za a je kotu ba. Za a kai maganar gaban wani mai yanke hukunci mai zaman kansa, abin da ya yanke kuma ya zauna.

Kada mu ɗauka wannan irin sulhun da muka saba ne. Idan 'yan'uwa biyu suka saɓa a kan iyakar gona, sukan je wurin mai unguwa ko dattawan ikkilisiya. Su biyun ne suka yarda da masu sulhun, a garinsu ake zama, da harshensu, kuma wanda bai gamsu ba yana iya wucewa kotu. A takardar kamfani kuwa, tun kafin rigima ta taso an riga an rubuta yadda za a zaɓi mai hukuncin da garin da za a zauna, wataƙila Legas ko Abuja. Masu rigimar ne kuma ke biyan ladansa. Manomin da aka ba taki mara kyau buhu huɗu, kuɗin mota da masauki da lauya za su fi abin da yake bi. Sai ya haƙura.

Me doka ta ce?

A watan Mayu na 2023 Nijeriya ta yi sabuwar dokar sasanci wadda ta maye gurbin ta 1988. Bisa ga sashe na 5, idan ka kai ƙara kotu alhali ka sa hannu a irin wannan sharaɗi, kuma kamfanin ya nemi haka da wuri, alƙali zai mayar da ku wurin mai hukuncin, sai dai in yarjejeniyar ba ta da inganci. Bayan an yanke hukunci, wata uku kawai ake da shi a roƙi kotu ta soke shi, a kan dalilai ƙalilan. Dokar ta kuma amince da yarjejeniyar da aka ƙulla ta na'ura. Wato danna "na yarda" a waya yana iya ɗaure mutum kamar sa hannu.

Wani abin da ya faru a Amurka ya nuna inda wannan ke iya kaiwa. A 2023 wata mata ta rasu bayan ta ci abinci a wani gidan abinci da ke filin shaƙatawa na kamfanin Disney a jihar Fulorida. Da mijinta ya kai ƙara, kamfanin ya ce ba shi da ikon zuwa kotu, domin a 2019 ya danna amincewa da sharuɗɗan manhajar kallon finafinai ta kamfanin. Sai da jama'a suka yi ca, sannan kamfanin ya janye wannan hujja a watan Agusta na 2024.

Ba ƙofar kotu kaɗai sa hannu ke iya bayarwa ba. Tun watan Agusta na 2020, wanda ya ci bashin banki ya sa hannu a takardar da ake kira GSI, ya ba bankin izinin ɗebe kuɗinsa daga asusunsa na wasu bankuna ta lambar BVN idan ya kasa biya. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ba a bar mu haka kawai ba

Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce a bai wa mai saye bayani da harshe mai sauƙin fahimta. Ta hana sharuɗɗan zalunci da suka karkata ga kamfani kaɗai. Ta kuma hana duk sharaɗin da zai raba mai saye da haƙƙin da dokar ta ba shi, kamar mayar da kaya masu aibi. Saboda haka, in wakili ya ce, "Ai ka riga ka sa hannu," maganar ba ta ƙare ba. Zamba da barazana kuma laifi ne, babu takardar da ke hana kai su ga 'yan sanda.

Abin da za mu yi

1. Kada mu sa hannu ranar da aka kawo takarda. Mu ce za mu kwana da ita. Wakilin da ya ƙi, ya ba mu dalilin yin shakka.

2. Mu sami namu mai karatu, malamin makaranta ko sakataren ikkilisiya, ya karanta mana duka, ya fassara da Hausa. Kada mu dogara ga fassarar wakilin kamfani.

3. Mu tambaya a fili: in an saɓa, ina za a je, wa zai biya? Ƙungiya tana iya neman a rubuta Zariya ko Kaduna. Muryar mutum talatin ta fi ta mutum ɗaya.

4. Kada mu dangwala yatsa a takardar da aka bar gurbi babu rubutu. Kada kuma mu tsaya wa wani jingina sai mun san abin da zai hau kanmu.

5. Mu karɓi kwafinmu, mu adana shi tare da kowane rasit.

6. In matsala ta taso, mu fara kai kuka ga kamfanin a rubuce. In bai saurara ba, mu kai ga FCCPC, in banki ne kuma, ga sashen kare masu hulɗa na Babban Bankin Nijeriya. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1976.

Muna roƙon shugabannin zumuntar mata da na matasa su karanta wannan shafi a taronsu na gaba, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ma su ji. In kunne ya ji, jiki ya tsira.