Mata Masu Dubara: akwatin da ya koya wa matan karkara riƙon jama'a

A shekarar 1991 abubuwa biyu suka faru a Nijar da suka shafi mata. Na farko kowa ya san shi. Ranar 13 ga watan Mayu dubban mata suka fito kan titunan Yamai, suka yi tattaki zuwa ofishin firaminista, saboda mace guda tak aka sa a kwamitin da ke shirya babban taron ƙasa. Bayan wannan fitowa aka ƙara musu kujeru, kuma ranar ta zama ranar matan Nijar da ake bikinta kowace shekara. Na biyun kuwa ya faru ne a ƙauyukan jahar Maraɗi ba tare da ganga ba, inda ƙungiyar CARE ta soma tara mata don su riƙa zuba ƴan kuɗaɗensu cikin akwati guda suna rantawa junansu. Sunan da aka ba tsarin shi ne Mata Masu Dubara, MMD a taƙaice, mutanen karkara kuma suka fi kiran sa asusu.

Yau wannan tsari da aka haifa a ƙasar Katsinawa da Gobirawa ya bazu a ƙasashe da dama na Afirka, ya kai har Asiya. Sai dai matasan birni da yawa ba su san cewa daga gida ya fito ba, wasu ma iyayensu mata da kuɗin wannan akwati suka saya musu littattafan lakwal.

Yadda akwatin ke aiki

Adashe tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma a kansa aka gina MMD. Bambancin shi ne, a adashe mutum guda ke kwasa a kowane zagaye, wadda buƙata ta taso mata kafin layi ya zo kanta sai ta yi haƙuri. A asusu kuɗin na taruwa ne a akwati, duk wadda ke da buƙata ta nemi rance a gaban kowa, ta biya bayan ƴan makwanni da ɗan ƙarin da ƙungiya ta yanke. Idan shekara ta zagayo sai a fasa akwati a raba uwar kuɗi da abin da ta haifa, galibi dab da salla ko farkon damina lokacin da ake neman iri.

Ƙungiya takan haɗa mata kimanin 20 zuwa 30 da suka san juna, suna zama sau ɗaya a mako. Akwatin na ƙarfe ne mai kwaɗo uku, kowane makulli a hannun mace daban, akwatin kansa kuma a ɗakin wata ta huɗu yake kwana. Ba a buɗe shi sai a bainar taro. Akwai shugaba, akwai ma'aji, akwai masu ƙirga kuɗi da ƙarfi kowa na ji. Da yake mafi yawan matan farko ba su yi boko ba, da ka ake riƙe lissafi: kowace mace ta san abin da ke akwati, ta san wa ake bi da ranar biya.

Lissafin ba shi da wuya. Mata 25 da kowace ke zuba dala 20 a mako suna tara jika 2 da rabi. A makwanni 52 sun haɗa jika 130, ban da abin da rance ya ƙara. Babu bankin da zai buɗe ƙofa don dala 20, amma da irin wannan kuɗi ake sayen tiyar gyaɗa a matse mai a soya ƙuli-ƙuli, ake sayen ɗan rago a turke shi zuwa layya, ko jar akuyar Maraɗi da ke yawan haihuwar tagwaye. A Arewa wasu na sarrafa wake su yi beruwa, a jahar Tawa akwai masu cuku da masu sarin albasa.

Muhimmin abu shi ne ba a kawo jari daga waje ba. Horo kawai aka kawo. Daga baya ma horon ya koma hannun matan da suka ƙware, su ne ke zagaya ƙauyuka suna kafa sabbin ƙungiyoyi, ƙungiyoyin kuma su ke biyan su ladan aikinsu. Wannan ne ya sa asusu bai mutu ba a wuraren da motocin masu aikin agaji suka daina zuwa.

Daga tabarmar asusu zuwa majalisar gari

Macen da ta shekara biyar tana jagorantar taron mako-mako ta koyi abubuwan da ba a koyarwa a aji. Ta san yadda ake tsayar da magana a gaban mutum 30, yadda ake karɓo bashi daga hannun ƴar'uwa ba tare da zumunci ya ɓaci ba, da yadda ake ba da bayanin kuɗin jama'a har kowa ya gamsu. Sannu a hankali ƙungiyoyin suka haɗu suka zama gamayya, wasu suka buɗe bankunan cimaka, suna sayen hatsi da kaka lokacin da yake araha su ajiye, su fitar da shi a tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka ƙare. Duk wanda ya ga yunwar 2005 a jahohin Maraɗi da Damagaram ya san darajar buhun hatsin da ke cikin gari a watan Agusta.

Doka ita ma ta buɗe ƙofa. A watan Yunin 2000 aka kafa dokar kaso, wadda ta tilasta a ba kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi. An ɗaga kason zaɓe zuwa 15 a 2014, sannan zuwa 25 a 2019, na naɗi kuma ya koma 30. Sakamakon ya fito fili: a majalisar dokokin da aka zaɓa a 1999 mace ɗaya ce cikin ƴan majalisa 83, a ta 2004 suka zama 14 cikin 113.

Da aka zo zaɓen ƙananan hukumomi na watan Yulin 2004, jam'iyyu suka shiga neman matan da za su cike jerin ƴan takara. A karkara waɗanda jama'a suka sani, suka kuma yarda da amanarsu, su ne shugabannin asusu, don haka da yawa daga cikinsu suka zama kansiloli. Abin da suka fi kaiwa gaban magajin gari shi ne abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya: rijiya, injin niƙa, ɗakin haihuwa, da takardun haihuwar yara.

Abin da ya rage

Hanyar ba ta miƙe ba tukuna. Wasu jam'iyyu sun riƙa sa sunan mace don cika sharaɗin doka kawai, idan an zo rabon muƙamin magajin gari sai maza su kwashe. Rashin karatu ya sa kansila mace ta riƙa zama a taron da takardunsa duka da Faransanci suke. A kudancin Maraɗi gonaki sun yi ƙaranci saboda yawan jama'a, har gamanar da miji kan yanka wa matarsa ta fara ɓacewa a wasu garuruwa, mata da yawa kuma ba sa samun kason gonar gado da addinin Musulunci ya ba su. Akwai kuma mazan da ke aiko matansu su ranto kuɗi, su kashe, su bar su da kunyar ranar biya. Ga kuma auren wuri, a ƙasar da alƙaluman UNICEF ke nuna cewa kusan ƴan mata uku cikin huɗu ana aurar da su kafin shekara 18.

Tun watan Afrilun 2024 da hukumomin mulkin soja suka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jahohi suka naɗa wakilai a madadinsu, kujerun da matan suka ci a zaɓen 2020 sun tafi tare da na maza. Taron mako kuwa yana nan, domin ba gwamnati ta kafa shi ba. Abin tambaya shi ne ko waɗanda ke riƙe da garuruwa yanzu za su riƙa kiran shugabannin asusu idan ana maganar ruwa, cimaka da kasuwa, tunda su ne ke da lissafin gida-gida.

Rabon matasa da ƴan ci-rani

Ɗan ci-ranin da ke Abijan, Legas ko Libiya ya san cewa gidan da ya baro a hannun mata yake: uwa, mata, ko ya. Kuɗin da yake aikowa ta Nita ko Al Izza yawanci a tukunya suke ƙarewa. Idan ya ware wani abu kaɗan ya zama zubin mako na mahaifiyarsa ko jarin sana'ar matarsa, kuɗin za su juya, kuma za su yi amfani a watan da aiki ya tsaya masa. Sharaɗin shi ne ya bar mata ikon jarin, kada ya mai da shi aljihunsa na biyu.

Matasan birni da suka yi karatu su ma suna da abin bayarwa. Ƙungiyoyi da yawa na buƙatar mai rubuta musu littafin lissafi, mai taimaka musu su samu takardar shaidar ƙungiya daga hukuma, da mai ɗaukar hoton mansu da ƙuli-ƙulinsu ya tallata a WhatsApp ko Facebook don ya kai ga masu saye a Yamai. Mai shago na iya sarin kayansu, ya kuma biya a kan lokaci. Ɗan'uwa kuma na iya tsayawa ranar rabon gado ya tabbatar an auna wa ƴan'uwansa mata gonarsu, an kuma rubuta a gaban mai gari da hukumar filaye.

Kowace 13 ga Mayu ana ɗinka anko, ana jawabai, ana ambaton Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tsaya wa sojojin Faransa a 1899. Ya dace a irin wannan rana a riƙa gayyato shugabannin asusu daga ƙauyuka, a ba su lasifika su yi bayanin yadda suka shekara fiye da 30 suna riƙe da kuɗin jama'a da makulli uku, masu riƙe da baitulmalin gari kuma su zauna su saurara.