Salansar Motar da Ba Ta da Fistin

Galibin masu mota ba su tunawa da salansa sai ran da ta huje ta fara tona musu asiri a unguwa, sa'an nan su kai ta wurin mai walda ya liƙe, ko ya yanko wata daga mushen wata mota ya jona, kuma sau da yawa hakan yakan wadatar, domin injin fistin mai haƙuri ne, ba ya tsananta bincike a kan hanyar da hayaƙinsa zai bi. Amma akwai wani jinsin inji, wanda ake kira rotari, ko kuwa injin Wankel bisa sunan wanda ya ƙago shi, da ba ya karɓar wannan sassauci ko kaɗan. Wanda ya ɗaura masa salansar da ta zo hannu, in ya yi sa'a ya rasa salansar, in bai yi ba ya rasa injin.

Shi Felix Wankel Bajamushe ne, an haife shi a 1902, kuma daga cikin abubuwan al'ajabi na rayuwarsa akwai cewa bai taɓa mallakar lasin tuƙi ba. A 1957 injinsa ya fara tashi a kamfanin NSU da ke Neckarsulm, amma waɗanda suka yi masa reno har ya balaga mutanen Japan ne, wato kamfanin Toyo Kogyo na Hiroshima, wanda duniya ta sani da sunan Mazda, da ya sayi iznin ƙera shi a 1961, ya damƙa al'amarin a hannun injiniya Kenichi Yamamoto da jama'arsa su 47. Suka fitar da Cosmo Sport a 1967, da RX-7 daga 1978 zuwa 2002, sa'an nan RX-8 daga 2003 zuwa 2012. Yau akasarin waɗannan motoci suna hannun masoyansu a Japan da Amurka da Ostareliya da Ingila, sun tsufa, salansoshinsu na asali sun ruɓe, masu su kuwa kullum suna cikin muhawara a kan abin da ya dace a maye gurbinsu da shi.

Ba za a fahimci muhawarar ba sai an leƙa cikin injin. Mai karatu ya sawwara ɗaki mai siffar kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu, cikinsa kuma wani ƙarfe mai kusurwa uku, wanda ake kira rota, yana kewayawa, kusurwoyinsa na gogar bango ba su rabuwa da shi, ta yadda kullum akwai wurare uku a kulle tsakanin rota da bango: ɗaya na shan iska da fetur, ɗaya na matsewa da ƙonawa, ɗaya na fitar da hayaƙi. Babu fistin, babu bawul. A bakin kowace kusurwa akwai siririyar sandar ƙarfe, wadda take a matsayin ringin fistin, kuma a injunan 12A da 13B na RX-7, da zarar wannan sanda ta wuce ƙofar hayaƙi da ke jikin bango, sai ƙofar ta buɗe wangwam lokaci guda. To, a nan asalin mas'alar take. Bawul ɗin injin fistin a hankali yake buɗewa, hayaƙin kuma sai ya karya kwana cikin kan inji mai ruwa a jikinsa, ya ɗan huce, ya ɗan risina, kafin ya isa bututu; na rotari kuwa daga wurin ƙuna sai bututu, ba zaure, ba sallama. Kowace rota tana harbi sau ɗaya a kowane juyi na sandar inji, saboda haka injin mai rota biyu, idan ya kai juyi 9,000 a minti, wanda shi ne iyakar RX-8 mai giyar hannu shida, yana aika bugu 300 cikin bututu a kowace daƙiƙa, kowane bugu kamar an saki bindiga.

Sai zafi, wanda shi ne shugaban dukan sharuɗɗan. Da yake ɗakin ƙunar rotari dogo ne siriri, kuma tafiya yake yi yayin da wutar ke ci, fetur ba ya gama ƙonewa a ciki, sai wani kaso ya fito da ransa ya ƙarasa ci a cikin bututu. Shi ya sa ake ganin harshen wuta a bayan waɗannan motoci idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur, shi ya sa kuma hayaƙin yakan kai digiri 900 a ma'aunin Salshiyas, har ya zarce, idan an matsa wa injin, alhali ƙarfe tun bai kai nan ba ya riga ya yi ja wur. Mazda da kanta ta yi amfani da wannan ɗabi'a a shekarun 1970, lokacin da Amurka ta tsananta dokar tsabtar iska: ta ɗaura wata tukunya mai kauri a bakin injin, famfo na hura mata iska, domin ragowar fetur ya ƙone a cikinta. Wato dai masu ƙera motar sun ɗauki farkon salansar a matsayin murhu, kuma wanda zai saya mata sabuwa ya kamata ya ɗauke ta haka nan.

Tukunyar salansa iri biyu ce a asali. Akwai mai ɗakuna, wadda hayaƙi ke shiga ya yi karo da shamaki, ya juya, ya bi wata kafa, amo na cin amo har ya yi laushi. Akwai kuma mai zarcewa, wadda bututu ne mai huje-huje ya ratsa tsakiyarta, an cusa masa wani abu kewaye da shi wanda ke shanye ƙara. Ta farko ta fi kashe murya amma tana shaƙe inji, kuma idan shamakanta sirara ne, bugu da zafi sukan tsattsage waldarsu, su faɗo ciki suna kwaramniya, wani lokaci ma su toshe hanya. Ta biyu ita masu rotari suka fi karkata gare ta, sai dai a nan ne mafi yawan hasara ke aukuwa, domin abin da aka saba cusawa a masu araha audugar gilashi ce, ita kuwa ba ta da juriyar wannan wuta: takan gasu, ta rududduge, ta fice ta baya kaɗan kaɗan, mai mota ya wayi gari bayan 'yan watanni, ko ma 'yan makonni, da gwangwani fanko mai ƙara kamar ba a sa kome ba. Abin da ke jurewa shi ne soson ƙarfe marar tsatsa, a naɗe shi a jikin bututun ya tari wutar, in ya so a bi bayansa da auduga ta seramik. Saboda haka tambayar farko da mai saye zai yi wa mai sayarwa ita ce, me ke cikin tukunyar. Idan ya kasa amsawa, ko ya koma yabon ƙyallin bakinta, to ya riga ya amsa.

Haka nan ƙarfen jikinta. Baƙin ƙarfe siriri, wanda zai shekara goma a ƙarƙashin motar fistin, nan yakan yi ɓawo ya tsage, musamman kusa da inji. Ƙarfe marar tsatsa mai lamba 304 shi ne matsakaici, mai lamba 321 ya fi shi jimrin zafi a bututun farko, masu tsere da ke da hali kuma sukan kai ga Inconel, wanda tsadarsa ta sa a motar zuwa kasuwa israfi ne. Kauri yana da fa'ida biyu, ƙarko da kashe amo, domin wata ƙarar rotari ba ta baki take fita ba, ta jikin bututu take tsatsowa, tana ƙarau-ƙarau kamar ana kaɗa kwano. Kamfanin Racing Beat na Anaheim a Kalifoniya, wanda tun 1971 yake wannan sana'a, ya yi suna ne da bututu mai kauri da kuma ƙaramar tukunya da ake sawa a tsakiya, gabanin babbar, domin ta karya kaifin bugun tun da wuri. A ganina wannan tukunya ta tsakiya, a motar da ba ta da turbo, ta fi kusa da wajibi bisa ga mustahabbi. Wanda ya bar ta don tsimin kuɗi zai biya da kunnuwansa da na maƙwabtansa.

Game da faɗin bututu akwai wata magana da ta shahara a garejoji, cewa inji yana bukatar a ɗan matse masa hayaƙi kafin ya yi ƙarfi. Magana ce da ta haɗa gaskiya da kuskure. Matsi ba alheri ba ne ga kowane inji, ga rotari kuwa ya fi muni, domin akwai lokacin da ƙofar shan iska da ta hayaƙi suke buɗe tare, idan kuwa hayaƙi ya tarar da turjiya a gaba, sai ya komo ya gurɓata sabon cakuɗin. Injunan da aka faɗaɗa wa ƙofofi, waɗanda ake ji suna tari-tari in suna tsaye, sun fi kowa shan wahala da wannan. Abin da ke gaskiya shi ne, bututun da ya yi faɗi fiye da kima yakan rage saurin hayaƙin, bugu ɗaya ya daina janyo na bayansa, motar ta yi nauyin tashi a ƙananan juyi. Shi ya sa aka saba da wajen inci 2.5 ga 13B marar turbo, inci 3 ga mai turbo, kuma aka fi son kowace rota ta yi 'yar tafiya a bututunta kafin su haɗu.

Mai turbo hukuncinsa daban ne, kuma a nan ne ganganci ke kashe inji. Turbo da kansa yana cinye kaso mai yawa na ƙarar, don haka tukunya ɗaya mai kyau takan isa. Amma a RX-7 ta ƙarshe, wadda ake kira FD, mai turbo biyu, idan aka buɗe hanyar hayaƙi gaba ɗaya, ƙofar da ke zubar da rarar hayaƙi don kada turbo ya wuce gona da iri takan kasa, saboda ƙanƙantarta, sai matsin iska ya riƙa hawa ba da iznin kowa ba, alhali kwamfutar motar ba ta ƙara fetur gwargwadon haka ba. Cakuɗi ya yi ƙarancin mai, ƙuna ta koma fashewa, sandunan kusurwa kuwa, waɗanda ba su da haƙurin fistin, su karye, gutsattsarinsu su kakkarce bango su bi ta cikin turbo. Mutum ya fita da niyyar ƙara dawaki goma, ya komo da inji a bayan a-kori-kura. Duk wanda zai buɗe salansar irin wannan mota, lalle ne ya haɗa da faɗaɗa waccan ƙofa da daidaita kwamfuta da sa agogon auna matsi, a zama guda.

RX-8 kuwa ta sauya tsari: injinta, mai suna Renesis, an mayar da ƙofofin hayaƙinsa gefe, aka kawar da buɗewar ƙofofi biyu tare, hayaƙin ya ɗan yi ladabi. Sakamakon haka, canza mata tukunyar baya ba ya ƙara ƙarfin a zo a gani. Murya kawai ake saya, kuma babu laifi a sayi murya in an san ita ake saya.

Saura matatar hayaƙi, wadda kanikawanmu suka laƙaba wa suna indomi saboda kamannin cikinta. Rotari yana shan baƙin mai da gangan, akwai ɗan famfo da ke ɗiga shi cikin ɗakin ƙuna domin sandunan kusurwa su sami santsi, wasu masu motar ma suna ƙara man babur a tanki. Wannan mai, da ɗanyen fetur, duk a kan matatar suke sauka. Idan koyil ko fulogi suka raunana, abin da ya zama ruwan dare a RX-8, fetur yakan kwarara cikinta ya kama da wuta, saƙar cikinta ta narke ta toshe, motar ta rasa numfashi, zafi ya komo kan inji. Saboda haka wanda matatarsa ta mutu ya fara binciken wutar fulogi kafin ya sayi sabuwa, in ba haka ba zai binne ta biyu kusa da ta farko. Idan zai saya, mai saƙar ƙarfe da aka yi domin rotari ta fi mai saƙar seramik ta gama-gari daɗewa. Cire ta ɗungum kuwa haramun ne a dokar hanya ta Amurka da Ingila da Japan, kuma warin ɗanyen fetur da ke biyo baya ya isa hujja ko ba doka.

Murya ita na bari sai yanzu, ko da yake ita ce ke fara kai mutane kanti. Ba na zarginsu. Wanda ya taɓa jin kururuwar Mazda 787B, mai rota huɗu, wadda ta ci tseren sa'a 24 na Le Mans a 1991, ya san cewa akwai abin so a wannan amo. Sai dai waccan a filin tsere take, direbobinta kuma kunnuwansu a toshe suke. A Kalifoniya haddin ƙaramar mota desibel 95 ne, filayen tsere da dama ma suna da nasu mizanin, rotari mai bututu tsirara kuwa yakan tsallake shi tun bai yi fushi ba. Akwai kuma wata illa da mizani ba ya kamawa, wato gunjin nan mai nauyi da ke cika cikin mota a wani juyi na musamman, galibi daidai saurin da ake riƙewa a doguwar tafiya, wanda a minti biyar na gwaji daɗi ne, a sa'a uku kuwa ciwon kai. Hoton bidiyo ba ya nuna shi. Sai an shiga motar wani mai irin salansar an yi tafiya da shi.

Wajen ɗaurawa, a tuna ƙarfe marar tsatsa yana miƙewa da zafi, mita guda takan ƙaru da fiye da santimita idan ta yi ja, don haka a bar wa bututu sarari, a rataye shi da robobi sababbi masu ba shi damar motsi, a mayar da farantan kare zafi inda suke, musamman kusa da tankin fetur da tiyon birki. Bakin salansar kuma ya ɗan zarce bamba, domin bambar roba da ke saman bakin da ya nutse ciki takan fara da yin rawaya, sa'an nan ta yi baƙi, sa'an nan ta zubo.